Raunin mazakuta: yadda binciken likitoci ya mai da ciwon kunya ƙararrawar zuciya

Akwai wata larura wadda ake shelarta da lasifika a kasuwa, amma da wuya a ji an ambace ta a gidan likita. Daga kasuwar Dole ta Damagaram zuwa Katako ta Yamai, da tashoshin mota na Maraɗi da Tawa da Ƙonni, masu tallan maganin ƙarfin maza ba su jin nauyin kowa. Shi kuwa magidancin da abin ya dama, ya gwammace ya aiki yaro ya sayo masa ƙulli ko ƙwaya da ya buɗe baki gaban likita. Lamarin kuma ba ƙarami ba ne, tun da yana iya kai wa ga rabuwar aure: a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risalar Ibn Abi Zaid, mijin da ya kasa kusantar matarsa tun da aka ɗaura aure akan ɗiba masa wa'adin shekara guda, in bai samu sauƙi ba matar tana da zaɓin rabuwa.

Cikin shekaru 50 da suka wuce, masana likitanci sun juya fahimtar wannan larura gaba ɗaya. Abin da jama'a suka fi sani daga aikinsu shi ne shuɗiyar ƙwayar nan mai suna Viagra. Amma sakamakon da ya fi ta nauyi, wanda kuma bai iso kasuwa ba, shi ne wannan: ga yawancin mazan da suka haura shekara 40, raunin mazakuta ciwon hanyoyin jini ne, kuma sau da yawa yakan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru.

Zamanin lalube

Turawa ma sun daɗe suna lalube cikin duhu. A shekarar 1889, wani babban malamin likitanci na birnin Paris, Charles-Édouard Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya shaida ma taron masana cewa ya yi ma kansa allurar ruwan da ya tatso daga marainan karnuka da na ɓeran masar, kuma ƙarfin ƙuruciya ya komo masa. Daga baya aka gane cewa sinadarin da ke cikin wannan ruwa bai kai ya yi wani tasiri ba. Sa rai ne ya yi aiki. Duk da haka maganarsa ta zaburar da masu bincike har aka ware sinadarin maza, watau testosteron, a 1935.

A 1896, wani masanin haɗa magunguna na Berlin, Leopold Spiegel, ya fid da sinadarin yohimbin daga ɓawon wani icce na kurmin Kamaru wanda mutanen wurin suka daɗe suna amfani da shi domin wannan bukata. Kusan shekara 100 likitocin Turai da Amurka suna rubuta shi, ko da yake amfaninsa kaɗan ne, kuma yana iya hau da tansiyon da bugun zuciya. Daga 1920 kuma, likitan fiɗa Serge Voronoff ya shiga dasa ma attajirai yankan marainan birai a Faransa. Ya yi suna, ya tara dukiya, sannan aka tabbatar cewa jikin mutum ba ya karɓar dashen, aikin ya zama abin dariya.

Bayan wannan kunya, likitoci suka ja da baya suka bar fagen ga masana halayyar ɗan Adam. Har zuwa shekarun 1970, littattafan koyarwa da yawa suna cewa mutum 9 cikin 10 masu wannan larura matsalarsu a zuci take kawai, watau tsoro ko damuwa ko saɓani da iyali. William Masters da Virginia Johnson na Amurka, cikin littafinsu na 1970, sun bayyana yadda tsoron kasawa shi kansa yake jawo kasawa, kuma wannan bayani yana nan daram har yau, musamman ga samari da sabbin angwaye. Inda aka yi kuskure shi ne da aka ɗora wannan hukunci a kan kowa, har da dattijo mai ciwon sukari.

Allurar da ta buɗe ƙofa

Masu fiɗar jijiyoyin jini ne suka fara karya wannan ra'ayi. A 1973, Václav Michal na birnin Prag ya ba da rahoton aikin da ya yi na ƙara ma gaba hanyar jini. A Paris kuwa, Ronald Virag yana cikin irin wannan fiɗa sai ya lura cewa papaberin, wani tsohon magani mai saki tsokar jijiyoyin jini, in ya shiga gaba yakan miƙar da ita alhali mutum yana cikin barcin allura. Ya buga wannan labari cikin mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, a 1982. Ma'anar abin a fili take: in magani zai iya haddasa miƙewa ba tare da sha'awa ko tunani ba, to miƙewa aikin jini ne da tsoka.

Ga yadda abin yake. Cikin gaban namiji akwai wasu tsokoki guda 2 masu kama da soso, waɗanda a lokacin hutu suke a tsuke. In sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo, tsokar ta saki, jini ya kwararo ya cika soson, shi kuma da ya kumbura sai ya danne hanyoyin da jinin zai bi ya koma. Duk abin da ya ɓata jijiyar saƙo, ko ya ƙuntata hanyar shigowar jini, ko ya hana tsokar saki, zai kawo rauni.

A 1985, Virag da abokan aikinsa suka sake bugawa cikin The Lancet sakamakon awon maza 440 masu wannan larura, inda suka nuna cewa abubuwa 4 ne suke yawan haɗuwa gare su: ciwon sukari, da hawan jini, da shan taba, da yawan kitsen jini. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da likitocin zuciya suka daɗe suna gargaɗi a kansu.

Iskar da ta ci lambar Nobel

Sauran tambaya ita ce: mene ne yake umartar tsokar ta saki? Amsar ta fito daga ɗakunan binciken da ba ruwansu da maganar aure. A 1977, Ferid Murad ya nuna cewa tirinitirin, maganin da masu ciwon ƙirji suke sawa ƙarƙashin harshe, yana aiki ne ta hanyar sakin wata iska da ake kira monoksid na azot, a taƙaice NO. A 1980, Robert Furchgott ya gano cewa siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin kowace jijiyar jini tana fid da wani abu mai sa jijiyar ta buɗe. Tsakanin 1986 da 1987, aikin Furchgott da na Louis Ignarro da na Salvador Moncada suka tabbatar cewa wannan abu shi ne NO ɗin nan.

A 1992 aka haɗa zaren biyu. Jacob Rajfer da Ignarro a Los Angeles, da Arthur Burnett da abokansa a jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa NO ne manzon da yake sa soson gaba ya saki. Watau manzo ɗaya ne yake buɗe jijiyar zuciya da ta gaba. In fatar cikin jijiyoyi ta lalace, duka biyun za su ji a jikinsu. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad lambar Nobel ta likitanci. Shi kansa Alfred Nobel, wanda ya yi arziki da nakiyar da ake haɗawa da tirinitirin, likitocinsa sun rubuta masa wannan sinadari a ƙarshen rayuwarsa saboda ciwon ƙirji.

Ƙidayar da kowa ya jingina da ita

A duniyar masana, ana auna nauyin bincike ne da yawan masu binciken da suka zo daga baya suka ambace shi, suka gina nasu aikin a kansa. Bisa wannan ma'auni, kaɗan ne a wannan fage suka kai binciken jihar Massachusetts ta Amurka, wanda Henry Feldman da Irwin Goldstein da John McKinlay da abokansu suka buga a 1994, aka kuma ambace shi sau dubbai. Sun bi gida gida a kewayen birnin Boston tsakanin 1987 da 1989, suka tattara amsoshin maza 1290 masu shekara 40 zuwa 70. Kashi 52 cikin 100 suna da wani mataki na rauni: kashi 17 ɗan kaɗan, kashi 25 matsakaici, kashi 10 kuwa gaba ɗaya. Masu cikakken rauni kashi 5 ne a shekara 40, suka kai kashi 15 a shekara 70. Abin lura shi ne, ko a tsakanin tsararraki, masu ciwon zuciya da sukari da hawan jini sun fi sauran kamuwa nesa ba kusa ba. Tsufa kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba.

Kafin wannan, a watan Disamba na 1992, babban taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya ba da shawarar a bar tsohuwar kalmar da take nufin mutum ya zama ba namiji ba, a koma ga sunan da yake nuna tangarɗar miƙewa kawai, kamar yadda ake cewa tangarɗar ƙoda ko ta hanta. A 1997 kuma Raymond Rosen da abokansa suka tsara takardar tambayoyi 15 wadda take ba da maki ga larurar, aka taƙaita ta zuwa tambayoyi 5 a 1999. An fassara ta cikin harsuna da dama, kuma da ita ce likitan Alƙahira da na Legas da na Milan suke iya gwama sakamakonsu. A bisa salonta aka tsara makamanciyarta domin mata a shekarar 2000.

Ƙidayar ta ƙetaro Afirka. A 1999, McKinlay da abokansa suka ƙiyasta cewa maza miliyon 152 ne suke da larurar a duniya a 1995, suka yi hasashen adadin zai kai miliyon 322 a 2025, mafi yawan ƙarin kuma a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan mazan da suke zuwa ƙananan asibitoci ya samu kashi 57 cikin 100 a Najeriya, kashi 64 a Masar. Sai dai a riƙa tunawa cewa waɗannan mutane ne da wani ciwo ya riga ya kai su asibiti, kuma an haɗa har da masu ɗan rauni kaɗan. Masana irin su Leonore Tiefer sun yi kashedi cewa kamfanonin magani, waɗanda suka ɗauki nauyin bincike da yawa a wannan fage, suna da riba in aka kumbura alƙaluma, aka kuma manta da matar da ake zaman auren da ita.

Ƙwayar da aka nema domin zuciya

Sildenafil, wanda ake sayarwa da sunan Viagra, an haɗa shi ne a 1989 a ɗakin binciken kamfanin Pfizer da ke garin Sandwich na Ingila, da nufin maganin ciwon ƙirji. A gwajin farkon shekarun 1990 bai yi abin kirki ga zuciya ba, amma mazan da aka gwada shi a kansu suka ba da labarin wani tasiri na daban. Da yake binciken 1992 ya riga ya bayyana aikin NO, masana suka gane dalili nan da nan: akwai wani sinadari a jiki mai share saƙon da NO ya kawo, shi kuwa sildenafil yana riƙe hannun wannan mai shara ne domin saƙon ya daɗe. Saboda haka ƙwayar ba ta haifar da sha'awa, ba ta ƙara girma, ba ta kuma warkar da jijiyar da ta lalace.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ran 27 ga Maris 1998, Turai ta bi a watan Satumba. Cikin gwajin da Goldstein ya jagoranta aka buga a wannan shekara, kashi 69 cikin 100 na yunƙurin masu shan maganin ya yi nasara, na waɗanda aka ba ƙwayar da ba kome cikinta kuma kashi 22. Wannan adadi na biyu yana da darasi: ko garin rogo aka ƙulla ma mutane aka ce magani ne, za a samu masu rantsuwa cewa ya yi musu aiki. Tadalafil da bardenafil sun biyo baya a 2002 da 2003. Daga nan amfanin ya bazu zuwa wasu fannoni: a 2005 aka amince da sildenafil domin hawan jinin jijiyoyin huhu, a 2011 kuma Amurka ta amince da tadalafil domin wahalar fitsari ta kumburin prostat.

Ƙaramin bututu ne yake fara toshewa

Likitocin birnin Milan na Italiya, cikinsu har da Francesco Montorsi da Piero Montorsi, sun binciki mutum 300 da aka kawo asibiti da ciwon ƙirji aka kuma tabbatar jijiyoyin zuciyarsu sun ƙuntata. Sakamakon da suka buga a 2003 ya nuna kusan rabinsu suna da raunin mazakuta, kuma cikin waɗannan, 2 bisa 3 raunin ya riga ciwon ƙirjin zuwa, da tazarar wajen wata 39. Bayanin da suka bayar mai sauƙi ne. Faɗin jijiyar gaba milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya 3 zuwa 4, ta wuya mai kai jini ga ƙwaƙwalwa 5 zuwa 7. Duk mai lambu ya san cewa in ruwa yana ɗauke da laka, ƙaramin bututu ne yake fara toshewa tun babban yana gudu. Lakar kuwa ɗaya ce, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A 2005, Ian Thompson da abokansa suka buga binciken maza 9457 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda aka bi shekara da shekaru. Masu raunin sun fi sauran haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 45 cikin 100, haɗarin da ya yi kusa da na mai shan taba ko wanda ciwon zuciya yake cikin danginsa. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike 145 ya samu cewa sama da rabin maza masu ciwon sukari suna da larurar. Shi ya sa tun daga 1999 likitocin zuciya da na mafitsara suke zama tare a tarurrukan Princeton, inda suka tsai da shawarar cewa namijin da ya zo da wannan kuka a duba zuciyarsa da jijiyoyinsa ko da bai taɓa jin ciwon ƙirji ba.

Akwai kuma labari mai daɗi. A birnin Napoli, Katherine Esposito da abokanta suka raba maza 110 masu ƙiba gida biyu. Aka taimaki rukuni ɗaya da rage ci da yawan motsa jiki har shekara 2. Sakamakon 2004 ya nuna 17 cikin 55 na wannan rukuni sun komo daidai ba tare da ƙwaya ba, a ɗaya rukunin kuwa 3 kacal.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci

Alhajin da yake wuni zaune a kanti, da ma'aikacin da yake fita daga biro ya hau moto ko mota, ga shayi mai sukari sau uku, ga lemun kwalba, ga taba, su ne irin mutanen da wannan bincike yake magana a kansu. Masu talla sukan ɗora laifi a kan basur da sanyi, wasu kuma su ce sammu ne. Awon tansiyon da na sukarin jini kuwa ba su wuce aikin ƴan mintoci ba a gidan likita.

Haɗarin maganin tebur iri uku ne. Na farko, sildenafil da ƴan'uwansa ba su haɗuwa da tirinitirin da sauran magungunan ciwon ƙirji na danginsa, domin tansiyon yana iya faɗuwa har a rasa rai. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama kuma sun sha samun sildenafil a ɓoye cikin zuma da kofi da garin da aka rubuta ma "na itatuwa zalla". Na biyu, ba a san abin da ke cikin jabu ba. A ƙasar Singafo, cikin watanni 5 na farkon 2008, an kwantar da mutum 150 da sukarinsu ya faɗi warwas, aka gano maganin ciwon sukari cikin jabun magungunan ƙarfin maza, 4 suka mutu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci. Na uku, miƙewar da ta wuce awa 4 larura ce ta gaggawa wadda take iya kashe gaban har abada, kuma masu amosanin jini, watau sikila, sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Haka nan masu shan tramol domin jinkirta kawowa suna sayen jaraba da farfaɗiya, ga shi kuma daɗewa a kan irin wannan ƙwaya yana rage sinadarin maza. Binciken Marcel Waldinger na 2005, wanda aka yi da agogo a kan ma'aurata 500 a ƙasashe 5, ya samu cewa matsakaicin lokaci bai wuce minti 5 da ƴan daƙiƙoƙi ba. Alkawarin awa guda da ake yi da lasifika ciniki ne kawai. Wanda kuma ya lura cewa rauninsa ya fara ne bayan an ɗora shi a kan maganin tansiyon, kada ya bar sha a ɓoye: wasu daga cikin magungunan suna da wannan illa, wasu ba su da ita, kuma likita yana iya sauya masa.

Saurayin da yake tashi da ƙarfinsa da asuba amma ya kasa a gaban amarya, galibi tsoro ne yake damunsa, kuma haƙuri da fahimtar juna sukan wadatar. Magidancin da ya haura 40, wanda abin yake raguwa a hankali wata bayan wata, jikinsa ne yake ba shi sanarwa tun da sauran lokaci. Likitocin Milan sun auna wannan lokaci sun samu wajen shekara 3, kuma shekara 3 sun isa mutum ya bar taba, ya rage tumbi, ya daidaita sukari da tansiyon. In kunne ya ji, jiki ya tsira.